Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tsauni

A hirar fada a Tawa an sha jin ana cewa duk ƙaƙƙarfan namiji, irin ɗan kokawar da ke ɗaukar takobi, zai iya haye kowane dutse ba tare da wahala ba. Wannan magana ba ta da tushe idan aka zo kan sansanin masu hawan dutsen Ebares a ƙasar Nepal, wanda ke kan tsayin mita 5,364.

Abin da ke kayar da mutum can shi ne ƙarancin iska, domin a wannan tsayi kowane numfashi yana kawo kusan rabin iskar oksijin da ake samu a bakin teku. Jiki kuwa yana buƙatar kwanaki kafin ya saba, kuma motsa jiki a Yamai, wadda tsayinta bai wuce mita 200 da ɗoriya ba, ba ya gajarta waɗannan kwanaki. Hasali ma matasa masu jini a jika sukan faɗa tarkon, saboda ƙafarsu tana kai su sama kafin jikinsu ya shirya, sai ciwon kai da amai da rashin barci su biyo baya.

Shi ya sa matafiya daga Lukla, garin da ake fara tafiyar ƙafa zuwa sansanin, suke kwana biyu a garin Namche Bazar da ke kan hanya, mai tsayin mita 3,440, kuma bayan mita 3,000 ba a so tsayin wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Wanda ciwon ya tsananta masa har yana tangaɗi ko haki yana zaune, sauko da shi ake yi nan take, ko da tsakar dare ne.