Binciken Sinadaran Numfashin Mace Mai Naƙuda

Binciken sinadaran numfashin mai naƙuda wani reshe ne na ilimin likitanci da ke auna iskar da mace take fitarwa daga huhunta a lokacin haihuwa, domin a gane halin da jikinta yake ciki ba tare da an soka mata allura ko an ɗebi jininta ba. Wani ɓangarensa ya daɗe da zama da gindinsa a ɗakunan tiyata, wato auna iskar kabon dayoksaid da iskar sa barci. Sauran kuwa, musamman neman alamar cuta a cikin ƙananan sinadarai, har yanzu yana hannun masu bincike. Bai shiga aikin ungozoma na yau da kullum ba, ko a Legas ko a Landan.

Tushen ilimin

A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska masu siririn bango, miliyoyi barkatai, jini yana gudana a bayansu. Duk sinadarin da ke cikin jini wanda zai iya tashi ya zama tururi yana ratsa bangon nan ya fito tare da numfashi. Mafi yawan abin da mutum yake fitarwa naitirojin ne, sai oksijin kusan kashi 16 cikin 100, sai kabon dayoksaid kashi 4 zuwa 5, da damshi. Ɗan abin da ya rage, wanda bai kai kashi 1 ba, a cikinsa ne ɗaruruwan sinadarai suke. Wasu ana ƙidaya su da kashi ɗaya cikin biliyan, wato kimanin ɗigon ruwa guda a cikin tankar mai irin waɗanda ke layi a Apapa.

Tun zamanin Girkawan dā likitoci suna shinshina bakin majiyyaci su gane ciwon hanta ko na ƙoda. A shekarar 1971 Linus Pauling na Amurka da abokan aikinsa suka rarrabe numfashi da na'ura suka sami sinadarai kusan 250. A 1991 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa akwai iskar naitirik oksaid a numfashin ɗan Adam. Daga nan fagen ya buɗe.

Yadda naƙuda take sauya numfashi

Tun kafin naƙuda, ciki ya riga ya sauya numfashin mace. Sinadarin firojestaron, wanda jikinta yake ƙara samarwa a lokacin ciki, yana sa ta riƙa jan iska fiye da da, don haka ma'aunin kabon dayoksaid na jininta yakan sauko daga kusan 40 zuwa kusan 30. Wannan ba ciwo ba ne. Shi ne yake sauƙaƙa wa ɗan da ke ciki zubar da nasa kabon dayoksaid ɗin ta mabiyiya zuwa jinin uwa.

Idan naƙuda ta kankama, mahaifa tana murɗawa, zafi yana ƙaruwa, buƙatar oksijin takan hau da kusan kashi 40 cikin 100 a matakin buɗewar bakin mahaifa, ta kai kusan kashi 75 a lokacin nishi. Macen da ba a ba ta maganin rage zafi ba tana iya yin haki har kabon dayoksaid ɗinta ya faɗi ƙasa ƙwarai. A nan ne take jin jiri, yatsunta da leɓɓanta su riƙa tsira-tsira, wani lokaci hannuwa su ƙage. Abin da ya fi damun likita shi ne jijiyoyin jinin mahaifa suna tsukewa a wannan hali, jinin uwa kuma yana riƙe oksijin gam ba ya sakin sa da sauƙi, sai rabon jariri ya ragu. Ungozomar da take dafa kafaɗar mai naƙuda tana cewa "Sannu 'yata, ja numfashi a hankali, kada ki yi nishi tukuna" tana gyara wannan ma'auni ne da bakinta, ko da babu na'ura a gabanta.

Sinadaran da ake nema

Kabon dayoksaid shi ne wanda amfaninsa ya tabbata. Idan za a yi wa mace aiki a ciro jariri kuma aka sa ta barci gaba ɗaya, na'urar da ke auna shi a kowane numfashi ita ce take tabbatar wa likitan sa barci cewa bututun ya shiga maƙogwaron iska, bai zarce hanyar abinci ba. Sa wa mai ciki wannan bututu ya fi wuya a kan sauran mutane, kuma kuskure a nan yana kisa cikin mintuna. A wasu asibitocin Turai ana amfani da na'urar wajen lura da matan da aka ba maganin rage zafi mai ƙarfi ta jijiya, domin yana iya tsayar da numfashi.

Asiton, wanda shi ne ruwan da ake goge jan farce da shi, jiki yana samar da shi idan suga ya ƙare ya koma ƙona kitse. Mai lafiya tana fitar da ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan. Macen da ta kwana tana naƙuda, ba ci ba sha, ga amai, nata yakan hau, har ungozoma ta ji wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a bakinta. A yanzu da fitsari ake gwada wannan, a tsoma 'yar takarda a ga launinta, amma fitsari labarin sa'o'in baya yake bayarwa, numfashi kuwa na yanzu-yanzu. Ga mai ciwon suga wannan bambanci babba ne. Ya kamata a ambata cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta ce a bar macen da naƙudarta ba ta da haɗari ta ci ta sha, don haka 'yan dabino da ruwa da dangi kan kawo ba abin ƙi ba ne sai idan likita ya hana saboda dalili.

Aisofirin, wani sinadari da jiki da kansa yake samarwa, yana ƙaruwa a numfashi da zarar tsoka ta motsa ko bugun zuciya ya ƙaru. Masu bincike a Rostock ta Jamus sun nuna a 2018 cewa sinadaran numfashin mace suna hawa da sauka tare da zagayowar al'adarta, abin da ke nuna ba za a auna mai ciki da mizanin namiji ba.

Sai waɗanda aka fi sa wa rai, wato masu alaƙa da hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga. Idan ƙwayoyin jiki suka shiga matsi, kitsen bangonsu yana rubewa ya fitar da iskoki irin su etan da fentan. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya sami alamun wannan rubewa sun ƙaru a numfashin masu ciki, kuma tsarinsu ya bambanta ga masu wannan hawan jini. A wajen wannan lokaci ne kuma aka ga cewa kabon monoksaid ɗin da jiki da kansa yake ƙerawa, wanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su saki, ya yi ƙasa a numfashin irin waɗannan mata. Matan da aka gwada ba su da yawa, kuma ba a kai ga samun gwajin da zai maye gurbin awon jini da na fitsari ba. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya mai cikin fari tana jijjiga ya san dalilin da ya sa masu bincike suka ƙi sakin wannan hanya.

Naitirik oksaid ya fi amfani kafin naƙuda. A 2011 wani gwaji a Ostireliya ya nuna cewa daidaita maganin asma ga masu ciki bisa yawan wannan iska a numfashinsu ya rage tashin ciwon da kusan rabi.

Kayan aiki

Hanya ta farko ita ce mace ta hura iska a wata jaka ta musamman ko bututu mai tsotse sinadarai, a kai ɗakin gwaji, wata na'urar tantance sinadarai da ake kira GC-MS ta rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon yana da inganci amma yana ɗaukar lokaci, naƙuda kuwa ba ta jira. Hanya ta biyu na'urori ne irin su PTR-MS, wadda aka ƙirƙira a Innsbruck ta Ostiriya a shekarun 1990, masu karanta kowane numfashi nan take. Suna da tsada, suna son wutar lantarki marar yankewa da ƙwararren mai kula. Akwai kuma ƙananan na'urorin hannu masu auna sinadari guda, irin wadda jami'an kiyaye haɗura suke sa direba ya hura don a gane ko ya sha giya.

Batun a Legas

Matan Hausawa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago suna haihuwa a wurare iri-iri: asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, Ayinke House a Ikeja, asibitin haihuwa na Lagos Island, ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa, ko a gida a hannun ungozoma. Wasu kuma, musamman a cikin fari, sukan tafi Arewa goyon ciki wajen iyaye. Kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini, jijjiga da shigar ƙwayoyin cuta su ne kan gaba. Duk wani sabon gwaji da wannan mizani ya kamata a auna shi.

Babbar matsalar kimiyyar a nan ita ce abin da mutum ya shaƙa shi yake fitarwa. Macen da ta shafe sa'o'i a cikin danfo a cunkoson motoci kafin ta iso asibiti tana ɗauke da benzin da toluwin na hayaƙin mota a jininta. Wadda take girki da gawayi ko risho a ɗaki guda, ko janaretan maƙwabci yake kwana a bakin tagarta, kabon monoksaid ɗinta zai hau, ya rufe wannan ɗan raguwar da ake nema a matsayin alamar hawan jini. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018. Ga kuma abin da ke cikin baki da ɗaki: tafarnuwa tana barin sinadarinta a numfashi na sa'o'i da yawa, haka turaren wuta, man zafi, da sifirit ɗin da ake goge hannu da shi a ɗakin haihuwa. Saboda haka alƙaluman da aka tattara daga matan Jamus ba za a ɗauko su a ɗora wa matar Agege kai tsaye ba. Dole a auna iskar ɗakin tare da numfashin, a kuma fara sanin ma'aunin matan garin masu lafiya.

Amma wannan matsala ita ce kuma take nuna inda amfani na kusa yake. A Ingila ana sa mai ciki ta hura ƙaramar na'urar kabon monoksaid a ranar awonta na farko, idan ta nuna 4 ko fiye a bincika, ko taba ce ko hayaƙin wani abu a gida. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma jinin ɗan tayi ya fi na uwa daɗewa yana riƙe da ita. A garin da ake yawan jin labarin iyali sun kwanta hayaƙin janareta ya kashe su, na'urar hannu mai aiki da batir a teburin awo za ta fi amfanar mata a yau fiye da babbar na'urar ɗakin gwaji. Haka ma na'urar auna kabon dayoksaid, wadda ya kamata a ce babu ɗakin tiyatar da ake ciro jariri da zai rasa ta.

Neman izini

Hura iska ba ya ciwo, amma rufe fuskar macen da take tsakiyar murɗa da abin shaƙa yana iya ƙara mata firgici, har ya sauya numfashin da ake son aunawa. Macen da take cikin wannan hali ba ta da natsuwar karanta takarda ta sa hannu. Al'adar kunya ta haihuwar fari, wadda take sa yarinya ta cije ta yi shiru, tana iya sa ta gyaɗa kai ga abin da ba ta fahimta ba, balle idan da Turanci ko Yarbanci aka yi mata bayani. Ƙa'idar bincike ita ce a nemi yardarta tun a ranakun awo, da harshen da take ji, a gaya mata ƙarara cewa tana iya janyewa a kowane lokaci, kuma ƙin yardarta ba zai rage komai daga kulawar da za a ba ta ita da jaririnta ba.