Waiwaye: Yadda Tiyatar Sankarar Maƙoshi Ta Zama Aikin Gayya

A unguwar Nima ko Sabon Zongo a Accra, babban birnin Ghana, labarin kusan iri ɗaya ne. Tsoho ya fara ture nama gefe, wai yana tsaya masa a ƙirji. Daga nan tuwon zafi ya gagara, sai koko, shi ma sai an tsinka shi da ruwa. Kafin 'ya'ya su kai shi babban asibitin Korle Bu, riga ta yi masa yawa.

Aikin cire hanyar abincin da sankara ta kama ya haura shekara ɗari. A 1913 Franz Torek ya yi nasararsa a birnin New York na Amurka, a jikin wata dattijuwa mai shekara 67. Bai haɗa mata hanyar a ciki ba. Bututun roba ne a waje yake kai abinci tumbinta, kuma a haka ta ƙara fiye da shekara goma. A 1946 Ivor Lewis na Birtaniya ya fito da salon da ake bi har gobe: a buɗe ciki da ƙirjin dama, a jawo tumbi sama a ɗinke.

To amma ƙwarewar hannu ba ta hana mutuwa ba. Ɗinki kan yi yoyo, huhu ya kamu, jikin da yunwa ta cinye ya kasa farfaɗowa. Rahoton Calman-Hine na 1995 ya sa Ingila ta rungumi tsarin zaman ƙwararru a kan kowane mai sankara, sannan binciken CROSS na ƙasar Holan a 2012 ya nuna cewa a fara da magani da gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura) kafin wuƙa yana ƙara tsawon kwana. Yanzu mai tiyata ba ya yanke shawara shi kaɗai: akwai likitan sankara, mai sa barci, mai gwajin tsokar da aka ciro, mai tsara abinci, da mai koyar da numfashi.

Ghana na da tubalin. Cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta Korle Bu ta samu a 1989, sashen gashi a 1997, na asibitin Komfo Anokye a Kumasi a 2004.

A ganina, akwai wadda lissafin yakan tsallake: 'yar da ke kwana a gindin gado. Ita za ta koyi wanke bututun ciyarwa, ta raba abincin Baba kashi shida ƙanana, ta tokare masa matashi kada ya kwanta a miƙe abinci ya dawo masa. Sau da yawa da Turanci ko Twi ake yi mata bayanin nan, a tsaye, ranar sallama.