Jirgin ruwan shaƙatawa da keken guragu: ku karanta kafin ku sake kirana

Sana'ata yankar tikiti da shirya tafiya a nan Agege. Tunda 'yan kasuwarmu na Legas suka fara sha'awar kai iyayensu hutu a manyan jiragen ruwan nan masu kama da otal, tambayoyi iri ɗaya nake sha, musamman daga waɗanda Babansu ko Hajiyarsu ke kan keke. Ga su nan a rubuce. Duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

A Apapa ake hawa?

A'a. Apapa da Tin Can na kwantena ne. Jirgin sama za ku hau daga Ikeja zuwa inda jirgin ruwan ke tashi: Basalona, ko Civitavecchia kusa da birnin Rum, ko Southampton a Ingila, ko Dubai, ko Mayami. A nahiyarmu kuma akwai Durban da Cape Town, inda kamfanin MSC ke aiki lokacin da muke hunturu.

Kun auna keken?

Wannan tawa ce, domin ba wanda ke yin ta. Mutum zai zo yana tambayar kalar labulen ɗaki, bai san faɗin keken mahaifinsa ba. Ku ari tef ɗin tela ku auna daga bayan taya zuwa bayan taya. Ƙofar ɗakin jirgi na gama-gari galibi inci 22 zuwa 24 ce, keken babban mutum kuwa yakan fi haka, ga kuma dokin ƙofa mai tudu a bakin banɗaki. Ɗakin da aka gina don mai keke ƙofarsa takan kai inci 32, babu tudu, wajen wanka a shimfiɗe yake ana shiga da keke, da mazauni da ƙarafan riƙewa a bango. Wasu kamfanoni suna da wani ɗaki na tsaka-tsaki mai ƙarafan riƙewa kaɗai, na mai sanda ne, ba na mai keke ba. Ku nemi awon ƙofa a rubuce. "Babu matsala" a waya ba awo ba ne.

Wanda ya fi tsada ai shi ya fi dacewa, ko?

Alhaji, ba haka ba ne. Jiragen alfarma na sahun farko, irin na Silversea da Seabourn da Regent Seven Seas, ƙanana ne, fasinjojinsu ɗaruruwa, ba dubbai ba. Hidimarsu ba ta da na biyu, amma ɗakunan masu keke a cikinsu 'yan kaɗan ne, kuma abin da suke taƙama da shi shi ne shiga ƙananan garuruwan da manyan jirage ba sa zuwa, wato daidai inda keke ke shan wuya. Sau da yawa ɗaki mai daraja a sabon babban jirgi ya fi wa mai keke daɗi, domin ƙofofi suna buɗewa da kansu, lif-lif da yawa, har da na'urar saukar da mutum cikin wurin ninƙaya. Nasa aibin shi ne nisa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, ya kai mita 360 da 'yan kai, kuma tura keke a kan kafet mai taushi aiki ne. Ku nemi ɗaki kusa da lif.

Jiragen kogin Turai kuma ku manta da su. Sukan jeru gefe da gefe a tasha, sai an ratsa ta cikin wani jirgin, wani lokaci ta matakala, kafin a taka ƙasa.

Ma'aikatan jirgi za su kula mana da Baba?

Za su taimaka wajen shiga da fita, su gyara ɗaki, su kawo abinci. Ba za su ɗaga shi daga gado ba, ba wanka, ba banɗaki. Wannan aikin ɗansa ne ko wanda kuka biya wa tikiti. Masu cewa a tura tsoho shi kaɗai "ai an biya kuɗi mai yawa", ku ji tsoron Allah.

Za su iya hana shi hawa saboda keke?

Da wuya, ku kwantar da hankalinku. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177 ta 2010 ta hana a ƙi fasinja don nakasa, sai in akwai dalilin tsaro, kuma taimakon da ake bayarwa a tasha kyauta ne in an sanar awa 48 kafin lokaci. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2005 cewa dokarsu ta nakasassu ta 1990 tana hawa kan jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa in suna cikin ruwan Amurka. Ku dai cike fom ɗin buƙata ta musamman tun ranar da kuka kama ɗaki.

To, Hajiya za ta iya sauka a duk garin da jirgi ya tsaya?

Yawwa, wannan ce ta cancanci a zauna.

Tsayawa iri biyu ce. Akwai garin da jirgi ke jingina da gaɓa a shimfiɗa gada, a gangara da keke. Akwai kuma inda ruwan ba shi da zurfi ko babu wajen jingina, sai jirgi ya jefa anga a can nesa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage, sau da yawa ma jiragen ceton da ke rataye a jikinsa ne. Wanda ya taɓa hawa jirgin Ikorodu zuwa Marina ranar da ruwa ke tashi ya san yadda bakin jirgi ke yi, yana sama yana ƙasa, ƙafa na neman wajen taka. To haka ne, sai dai a nan a buɗaɗɗen teku ake, kuma sau da yawa akwai 'yan matakala kafin a kai wajen tsallakawar. Santorini a Girka haka ake sauka, kuma bayan an sauka ga dutse a tsaye, sai motar igiya ko matakala fiye da 500 ko jaki. Cannes a Faransa, Portofino a Italiya, tsibirin Grand Cayman a tekun Karibiyan, dukkansu da ƙaramin jirgi ake sauka.

Shin za a bar ta? Ya danganta. In Hajiya tana iya miƙewa ta yi taku kaɗan da taimako, kekenta kuma mai naɗewa ne mara nauyi, yawancin kamfanoni za su yarda, in ruwa a kwance yake. In ba ta iya tashi sam, ko kekenta na lantarki ne mai nauyi, akasari amsar a'a ce, domin ma'aikata ba sa ɗaukar mutum da kekensa a kan ruwa mai motsi, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai jiragen da suka rage wahalar. Celebrity Edge na 2018 da 'yan'uwansa suna da wani dandali a gefen jirgi da ke sauka har kusa da ruwa, kamfanin Holland America ma suna da na'urar ɗaga keke a wasu jiragensu. Amma ko a can, hukunci na kyaftin ne da safiyar ranar. Ya ce iska ta yi yawa, magana ta ƙare, kuma kada ku sa ran za a maido muku da kuɗi.

Ko tashar jingina ma ban ce ta kuɓuta ba. In teku ya cika ko ya janye, gadar da kuka sauka a kanta salin-alin da safe tana iya miƙewa da yamma. Wani lokaci a rubuta muku jingina, ranar ta zo wani jirgi ya riga ku, a koma anga. Sannan ga titunan tsofaffin garuruwan Turai na duwatsu, masu jijjiga bayan tsoho, ga bas mai gadar keke da in ba a yi odarta tun kafin tafiya ba, ba a samu.

Abin da nake yi, kuma ba alkawari na ɗauka ba, shi ne in ɗauki jadawalin tafiyar in ƙirga ranakun anga. Zagayen Basalona, Marseille, Genoa, Civitavecchia da Naples duk jingina ne ga manyan jirage, haka Dubai da Abu Dabi da Doha. Rana ɗaya ta anga cikin bakwai, na ce a yi haƙuri, ranar ma jirgi fayau yake, Hajiya ta sha iska son ranta. In sun kai uku, a sauya jirgi komai kyansa. Kuma don Allah ku tambaye ta ita kanta. Wata tsohuwar ba ruwanta da sauka, teku take so ta kalla. Wata kuma in aka bar ta a ɗaki jikoki suka tafi gari, ba za ta ce komai ba, amma za ta riƙe.

Batirin keke fa?

Matsalarsa a jirgin sama take. In na litiyam ne mai cirewa, kada awon ƙarfinsa ya wuce 300Wh, kuma ku sanar da kamfanin tun kafin ranar tashi. A jirgin ruwa cikin ɗaki ake caji, cikin ɗaki keke ke kwana, ba a barin sa a hanya saboda gobara. Ku tafi da adafta, soket ɗin yawancinsu na Amurka ne ko na Turai. Dogon soket ɗin nan na gida kuwa ƙwacewa za su yi a bakin shiga.

Salla da abinci?

Wajen wankan nan shimfiɗaɗɗe ya isa alwala a zaune. Ku sa buta a jaka. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda jirgi ya dosa, da shi da waya za ku gane alƙibla. Naman halal sai an nema makonni kafin tafiya, in ba a samu ba ga kifi.

Biza?

Ta kowace ƙasa da jirgi zai tsaya ku bincika, ko da ba za ku sauka ba. In zai fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ya dawo, ku nemi mai shiga sau da yawa. Inshorar lafiya kuma dole, asibitin jirgi da dala yake magana.

Wata mai zuwa muke so, za a samu ɗaki?

Ba za a samu ba. Waɗannan ɗakuna su ake fara kamawa, wasu tun shekara guda kafin tashi. Mai ƙafa lafiya kuma da ke cewa in kama masa irinsu don sun fi faɗi, ya nemi wani wakilin.