Botswana da Afirka ta Tsakiya: Arziki Iri Ɗaya, Rayuwa Daban-daban. Tambayoyi da Amsoshi

A Gusau, ko Anka, ko Talata Mafara, da wuya a zauna majalisa a tashi ba a taɓo zancen nan ba: ga zinare a ƙarƙashin ƙafarmu, ga ƙasar noma, ga dabbobi, to me ya hana mu ci gaba? Amsar tana fitowa fili idan aka ɗauki ƙasashe biyu na Afirka da Allah Ya yi wa arziki iri ɗaya, ɗaya ta zauna lafiya, ɗaya kuma rikici ya hana ta sakat, aka duba yadda mutanensu ke rayuwa a yau.

Me ake nufi da ƙasa mai rauni? Ba talauci ba ne kawai?

A'a. Talauci daban, rauni daban. Ƙasa na iya zama matalauciya amma dokarta na aiki, ɗan abin da mutum ya mallaka yana kwana da shi ya tashi da shi. Ƙasa mai rauni ita ce wadda hukuma ba ita kaɗai ke riƙe da bindiga ba, ba ita kaɗai ke karɓar haraji ba, kuma idan aka zalunci mutum ba ya tunanin kotu, sai dai ya haƙura ko ya nemi wani mai ƙarfi ya tsaya masa. Bankin Duniya na fitar da jerin irin waɗannan ƙasashe duk shekara, kuma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta daɗe a cikinsa. Botswana ba ta ciki.

Me ya sa aka zaɓi waɗannan biyun?

Saboda sun yi kama ƙwarai. Dukkansu ba su da gaɓar teku. Faɗin ƙasarsu ya yi kusa da juna: Botswana murabba'in kilomita kusan 582,000, Afirka ta Tsakiya kusan 623,000. Dukkansu suna da lu'ulu'u, suna da shanu, kuma mutanensu ba su da yawa. Afirka ta Tsakiya ta samu 'yanci daga Faransa a 1960, Botswana kuma daga Birtaniya a 1966.

Da a lokacin aka ce wa mutum ya zaɓi wadda za ta yi arziki, da wuya ya nuna Botswana. Mafi yawan ƙasarta hamadar Kalahari ce. Kwaltar da ke ƙasar gaba ɗaya ba ta wuce kilomita 12 ba, masu digiri 'yan ƙasa 22 ne kacal, kuma har 1965 daga garin Mafikeng na Afirka ta Kudu ake mulkinta. Ita kuwa Afirka ta Tsakiya ga ruwan sama, ga koguna, ga katako, ga auduga.

To yau ina kowacce ta tsaya?

Idan aka raba abin da ƙasa ke samarwa a shekara ga kowane mutum, ɗan Botswana zai tashi da wajen dala 7,000, ɗan Afirka ta Tsakiya wajen dala 500. Amma wannan lissafin ba shi ne ya fi taɓa zuciya ba. A Afirka ta Tsakiya, kusan yaro 1 cikin 10 ba ya kai shekara biyar a duniya. A Botswana kusan 1 cikin 25 ne. Wajen mutum 3 cikin 4 a Botswana suna da wutar lantarki, a can kuwa ba su kai 1 cikin 5 ba, kuma yawancinsu a Bangui, babban birnin ƙasar, suke, inda wutar ke zuwa daga tashar ruwa ta Boali. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Botswana sun haura kashi 80 cikin 100, a Afirka ta Tsakiya ba su kai kashi 40 ba. Kusan mutum 7 cikin 10 a can suna cikin talauci, kuma tazarar tsawon rai tsakanin ƙasashen biyu ta kai shekara 10.

A ina hanyarsu ta rabu?

A shekarar 1966 abubuwa biyu suka faru. Ranar 1 ga Janairu, Kanar Jean-Bédel Bokassa ya ƙwace mulki da bindiga a Bangui. A watan Satumba kuma Seretse Khama ya zama shugaban Botswana bayan zaɓe.

Shekara ɗaya bayan haka aka gano lu'ulu'u a Orapa, cikin ƙasar Bangwato, ƙabilar da Khama ya gaji sarautarta. Ga abin da ya kamata duk mai riƙe da mulki a ƙasar ma'adinai ya tsaya ya duba: Khama ya sa aka yi dokar da ta mayar da haƙƙin ma'adinai daga hannun ƙabilu zuwa hannun ƙasa baki ɗaya, alhali ƙabilarsa ce za ta fi kowa yin asara. Aka kafa kamfanin da yau ake kira Debswana, wanda gwamnati da De Beers, babban kamfanin lu'ulu'u na duniya, ke da rabi da rabi a cikinsa. Kuɗin suka riƙa shiga baitulmali, ana tsara kashe su a majalisa, aka yi hanyoyi da makarantu da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, aka kuma ware asusun ajiya don gaba. Ba su rushe dandalin shawara na gargajiya da suke kira kgotla ba, inda talaka ke iya miƙewa gaban sarki ya faɗi ra'ayinsa.

A 1977, shekarar da Botswana ta fara kafa rundunar soja (kafin nan ba ta da ita), Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna a bikin da ya ci sama da dala miliyan 20. An tumɓuke shi a 1979, aka sake juyin mulki a 1981, aka sake a 2003. A watan Maris na 2013 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka kama Bangui, mayaƙan anti-balaka, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, suka taso, aka shiga kashe-kashen ramuwar gayya. Dubban Musulmi suka tsere Chadi da Kamaru, cikinsu har da Hausawa da Fulani 'yan kasuwa da suka haifi 'ya'ya da jikoki a can. Botswana kuwa ba a taɓa yin juyin mulki a cikinta ba. A watan Oktoba na 2024 jam'iyyar da ta yi shekara 58 tana mulki ta faɗi zaɓe, shugaba Mokgweetsi Masisi ya amince da kaye, ya miƙa wa Duma Boko.

Ba za a ce sa'a ce kawai Botswana ta yi ba?

Akwai sa'a a ciki, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Lu'ulu'un Botswana yana can ƙarƙashin dutse mai zurfi, sai babban kamfani da manyan injuna ke iya ciro shi, don haka a wurare kaɗan yake fitowa, kuma hukuma na iya ƙirga shi. Na Afirka ta Tsakiya a warwatse yake cikin yashi da bakin rafuka, a yankunan Bria da Berbérati da Carnot. Shebur da rariya sun ishe ka. Duk wanda ya zo da bindigogi goma ya zama mai ramin. Shi ya sa a 2013 aka dakatar da ƙasar daga cinikin lu'ulu'u na halal a duniya, kuma sai a ƙarshen 2024 aka cire takunkumin gaba ɗaya.

Zinaren Zamfara ya fi kama da na biyun, kuma mun ga abin da rashin sa ido ke jawowa tun kafin 'yan bindiga su yi ƙarfi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, ana ɗauko dutsen zinare daga rami a kawo shi gida. A tsakar gida ake farfasa shi, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi, ko a kai shi injin niƙa. Ƙurar ta kwanta a ƙasan da jariri ke rarrafe, ya sa hannu a baki. Dutsen cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da hukumomi su shawo kan abin. Babu wanda ya harbi yaran nan. Jami'in da zai gwada dutsen ya ce kada a shigo da shi gida ne babu, asibitin da zai gane cutar da wuri ma babu. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disamban 2024, amma kowa ya san ba a daina haƙa ba a tsakanin. Masu lasisi ne suka tsaya, masu bindiga suka ci gaba.

Saboda haka sa'ar ƙasa tana taka rawa. Sai dai Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ma tana da manyan ma'adinai masu zurfi, ba ta zama Botswana ba.

Ta yaya rashin tsaro ke talauta mutumin da ko sau ɗaya ba a kai masa hari ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a ganina, domin mun saba ƙirga gawa da kuɗin fansa, mu manta da asarar da ba ta da ƙara.

Ɗauki saniya. A Botswana ana maƙala mata lamba a kunne, a rubuta sunan mai ita a rajista, kuma ba a fitar da ita daga yanki zuwa yanki sai da takardar jami'in dabbobi. Da wannan tsarin ne mayankar Lobatse ta samu damar sayar da nama a Turai. Ana satar shanu a can ma, amma ɓarawo na shan wuya kafin ya sayar. A Afirka ta Tsakiya makiyayi na biyan ƙungiyoyi masu makamai kuɗi a kan burtali, ya sake biya a shinge, ya sake biya a kasuwa. Wanda ya gaji ya kora garkensa Kamaru. Mutanen Zurmi da Shinkafi da Maru ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Manomi ya sayar da shanun huɗarsa da araha don kada a kore su cikin dare, sai ya koma fartanya, gonar da yake nomawa ta ragu.

Ɗauki hanya. Kusan duk kayan da Bangui ke ci ta hanya ɗaya suke shigowa daga tashar jirgin ruwa ta Duwala. Da 'yan tawaye suka tare ta a ƙarshen 2020, ɗaruruwan manyan motoci suka maƙale a iyakar Kamaru, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi. Haka direban da ke ɗauko masara daga Ɗansadau yake zama yana jiran rakiyar sojoji kafin ya kama hanyar Gusau. Kwanakin jiran da haɗarin da ya ɗauka duk suna shiga kuɗin mota, kuɗin mota ya shiga kuɗin buhu, matar da ke awon tiya a Tudun Wada ita ce za ta biya. Manomin kuma bai ƙaru da komai ba, domin a wasu ƙauyukan ya riga ya biya ɓarayin daji haraji kafin shuka, ya sake biya kafin girbi.

Mafi muni shi ne abin da mutane suka daina yi. Mai kuɗi ba zai gina injin casar shinkafa a inda za a iya sace shi ba, sai ya kai jarinsa Kano ko Abuja. Ba wanda zai dasa mangwaro a gonar da bai san ko zai taka ta baɗi ba. Ungozoma da malamin makaranta su nemi canjin wurin aiki. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangeɓe a Fabrairun 2021, iyaye nawa ne suka yi shiru suka fasa kai 'ya'yansu makarantar kwana? Ci gaba abu ne da ake zuba wa jari yau don a ci moriyarsa bayan shekara biyar ko goma, kuma mai tsoron daren yau ba ya irin wannan lissafin. Hatta matakan da hukuma ke ɗauka suna da nasu tsadar: a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako, cinikin talaka ya tsaya cak tare da na ɓarawo.

Ke nan Botswana ba ta da matsala?

Tana da su, manya ma. Kusan babba 1 cikin 5 na ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Rashin aikin yi ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu, tazara tsakanin mai kuɗi da talaka na cikin mafi faɗi a duniya, kuma dogaro da lu'ulu'u ya fara yi mata ciwo yanzu da wanda ake ƙerawa a masana'anta ya karya farashi. Bambancin shi ne yadda take fuskantar masifa. Lokacin da cutar HIV ta kusa cinye ƙasar, gwamnati ta fara raba magungunanta kyauta a 2002, kuma ta samu asibitoci da ma'aikata da rajistar da za a yi aikin da su.

Adalci ne a kwatanta Zamfara da Afirka ta Tsakiya? Ai Najeriya ba ta rushe ba.

Gaskiya ne, ba ta rushe ba, kuma ba ɗaya suke ba. Najeriya na da sojoji da kotuna da bankuna da jami'o'i, kuma tun 1999 ba a katse mulkin farar hula ba. Amma rauni ba dole ya mamaye ƙasa duka ba. Yakan kama yanki ya bar yanki, kuma Bankin Duniya ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da rikici ya shafa a 'yan shekarun nan. Ma'aikacin banki a Legas da manomin da ke bayan Dajin Kuyambana fasfo ɗaya suke da haƙƙin riƙewa, amma ɗaya yana biyan haraji ga hukuma, ɗaya ga mai bindiga.

Ƙasar da ta faɗa wannan hali tana farfaɗowa kuwa?

Tana farfaɗowa, amma ba da sauri ba. Rahoton Bankin Duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa yaƙin basasa kan ci wa matsakaiciyar ƙasa mai tasowa abin da ya haura bunƙasar shekara 30, kuma ciniki kan ɗauki wajen shekara 20 kafin ya koma yadda yake. Saliyo, wadda ita ma lu'ulu'un cikin yashi ya rura wutar yaƙinta daga 1991 zuwa 2002, kuma sojojin Najeriya suka zubar da jini a can, ta karɓe makamai daga hannun dubban mayaƙa, ta kafa kotu ta musamman da hukumar sasantawa, kuma sau biyu, a 2007 da 2018, 'yan adawa suka karɓi mulki ta hanyar zaɓe. Har yau tana cikin matalautan ƙasashe. Afirka ta Tsakiya kuwa ta sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƙungiyoyi 14 masu makamai a Fabrairun 2019, an ba wasu shugabanninsu muƙamai, amma mayaƙansu suka ci gaba da riƙe bindigogi da ramukan haƙa da shingayen hanya. Kafin shekara biyu ta cika, da yawa daga cikinsu sun sake haɗa kai sun nufi Bangui.