Jibin Ubangiji a Ikilisiyoyin Kumasi

Jibin Ubangiji ibada ce ta Kirista wadda ake cin gurasa a sha daga ƙoƙo domin tunawa da jibin ƙarshe da Yesu Almasihu ya ci da almajiransa a daren da aka bashe shi. Labarin yana cikin Matiyu 26, Markus 14 da Luka 22, amma nassin da aka fi karantawa a gaban teburi shi ne 1 Korintiyawa 11:23-26. A Kumasi, inda Musulmi suka fi yawa a cikin masu jin Hausa, Kiristan da ya zo daga arewacin Gana, Nijar ko Nijeriya yakan tarar cewa ana yin wannan ibada da Tuwi ko Turanci, kuma tsarin ya sha bamban daga majami'a zuwa majami'a. Tushen bambancin kuwa shi ne abin da kowace ɗarika ta gaskata yana faruwa da gurasar bayan addu'a.

Katolika

Katolika sun yi imani cewa da zarar fada, wato limamin Katolika, ya furta kalmomin keɓewa, gurasa da ruwan inabi sun zama jikin Almasihu da jininsa, ko da yake kama da ɗanɗano ba su sauya ba. Majalisar Trent (1545-1563) ta tabbatar da wannan koyarwa. Shi ya sa dokokinsu suke da tsauri. Gurasar ta alkama ce zalla da ruwa, ba yisti, ba sukari, ba mai. Ruwan inabin na 'ya'yan inabi ne da ya tsima, a ɗiga masa ruwa kaɗan. Alkama da inabi duk daga waje ake shigo da su Gana, amma dokar ikilisiya ba ta yarda a maye gurbinsu da masara ko bammi ba, duk da cewa a zamanin Bishop Peter Kwasi Sarpong an shigar da ganguna da rawar Asante cikin sujada.

Mai karɓa zai kame baki awa 1 kafin lokacin, ban da ruwa da magani, kuma wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi sai ya fara zuwa wurin fada ya yi ikirari. Tun Majalisar Lateran ta 1215 aka wajabta karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista. Gurasar da ta rage ba a zubar da ita: ana kulle ta a akwati na musamman kusa da bagade, fitila na ci a gefensa, daga nan ake kai wa marasa lafiya. A babbar majami'ar St Peter ta Kumasi ana yin Mas, wato sujadar jibin ta Katolika, kowace rana. A ƙauyukan da babu fada kuwa, katikis, wato mai koyar da addini wanda ba fada ba, yana jagorantar karatu da addu'a, amma ba shi da ikon keɓe gurasa.

Angilikan na Gana, kamar a majami'ar St Cyprian, sun yi kusa da wannan tsari: jibi kowace Lahadi, ruwan inabi mai ƙarfi, abin da ya rage a cinye ko a adana cikin girmamawa.

Metodis da Firesbiteriyan

Waɗannan biyu, masu majami'ar Wesley da ta Ramseyer a unguwar Adum, suna koyar da cewa Almasihu yana tare da masu ci ta ruhu, gurasa kuwa gurasa ce. Galibi sau ɗaya a wata ake yi. Al'adar Metodis ita ce ruwan inabi marar sa maye, abin da ya yi sauƙi bayan 1869, lokacin da Thomas Welch a Amurka ya gano yadda za a dafa ruwan 'ya'yan inabi don kada ya tsima. Firesbiteriyan sun gaji wani abu mai kyau daga Mishan na Basel, wanda ya iso Osu, a Akara ta yau, a 1828: kafin ranar jibi, kowane mai karɓa yakan gana da fasto ko dattawa. A nan ake gano masu gaba a sulhunta su, a kuma san wanda ya daɗe bai zo ba.

Fentikos da Adbentis

A Cocin Fentikos, wanda ya ɗauki wannan suna a 1962, ana ɗaukar jibin a matsayin tunawa, ana yin sa a Lahadin farko ta wata bayan kwanakin shiri da addu'a. Wanda aka yi wa baftisma ta nutsarwa ne kawai ke ci, wanda ke ƙarƙashin horon ikilisiya kuma sai ya dakata. Adbentis suna yi duk bayan wata 3, ranar Asabar, kuma suna farawa da wanke wa juna ƙafa bisa Yohanna 13.

Matsalolin da ake fuskanta

Danshin damina a Kumasi yana sa siririyar gurasar ta yi laushi ko ta yi fumfuna, don haka ake ajiye ta a gwangwani mai rufin kirki, a kuma sayi kaɗan-kaɗan. Ruwan inabin da aka bari a buɗe cikin zafi yakan yi tsami, kuma a wurin Katolika wanda ya koma tsami bai halatta ba. Marar sa maye kuwa, idan an buɗe kwalba ba a sa a firji ba, yakan fara tsima cikin 'yan kwanaki.

Babbar matsalar ita ce ta baƙi, musamman a jana'iza da ɗaurin aure, inda dangi daga ɗariku daban-daban da maƙwabta Musulmi suke halarta. Baƙo yakan ga layi ya bi, bai san cewa Katolika nasu kaɗai suke ba wa ba. Haka nan mai mata fiye da ɗaya, yawancin ikilisiyoyin nan ba sa ba shi jibi ko da yana zuwa sujada kullum. Hakkin mai jagorantar sujada ne ya faɗi wanda ya cancanci karɓa kafin a fara rabawa, da harshen da baƙin za su ji, har da Hausa idan akwai mutanen zango a wurin.