Abotar Alhaji Imam da Malam Zurƙe a cikin Ruwan Bagaja

Abotar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin jigogin da aka fi tunawa a Ruwan Bagaja, littafin ƙagaggen labari na Abubakar Imam. Abota ce da ta soma da adawa: mutum biyu masu wayo suna ta haɗuwa a garuruwa, kowa na ɗana wa ɗan'uwansa tarko, har suka shirya.

Asalin littafin

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya rasu a Zariya a 1981. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, da ya gama kuma ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da boko a 1933. Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar, tare da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Marubucin bai wuce shekara 22 ba a lokacin, kuma ƙuruciyar ta fito a yawan raha da ke cikin labarin. 

Yadda abotar take

Alhaji Imam, wanda shi ke ba da labarin da bakinsa, ya bar gida neman ruwan bagaja domin a warkar da ɗan sarki. Tafiya ce ta shekaru, da yunwa da ɗauri da duka. A cikinta Malam Zurƙe ya zame masa ƙarfen ƙafa, shi ma ya zame wa Zurƙe.

Wurin da masu karatu suka fi ambata shi ne garin jahilai, inda Alhaji ya mai da kansa babban malami alhali ba shi da karatun kirki. Zurƙe, wanda ya fi shi sani, ya zo tona masa asiri. Sai Alhaji ya zana wani abu mai lanƙwasa ya ce a faɗi mene ne. Zurƙe ya amsa da sunan harafi, kamar yadda duk almajiri zai yi. Alhaji ya ce jinjirin wata ne, mutanen gari suka duba suka ga lalle haka yake, aka kori mai ilimin da wulaƙanci. Zurƙe bai haƙura ba, ya rama a gaba, aka yi ta ramuwar gayya.

Abin lura shi ne babu wanda ya karaya a cikinsu. Duk wanda aka kayar yau, tunanin yadda zai rama gobe ne ke tashinsa, kuma wahalar da za ta sa mai karatu tausayi sai ta koma abin dariya. Ba don Zurƙe ba, da tafiyar Alhaji ta zama jerin garuruwa kawai.

Tushenta

Masu nazari sun danganta tsarin da Muƙamatul Hariri, littafin Larabci mai muƙama (wato gajeren labari) 50 na Al-Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, wanda kuma malaman zaure a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa. A can ma mai ba da labari, Harisu ɗan Hammam, yana ta cin karo da mayaudari Abu Zaid gari bayan gari.

Sai dai Bahaushe ba ya buƙatar Basra kafin ya gane irin wannan zama. Ya san wasan taubasai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, ya san barkwancin Katsinawa da Nufawa, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, inda zolaya kan yi zafi amma ba ta kai ga gaba. Bambancin shi ne taubasai gadon wasansu suka yi, su kuwa Alhaji da Zurƙe a hanya suka tsinci nasu, kuma nasu yakan kai mutum gidan yari.