Zurma

Zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, shuka ce ta dangin Euphorbiaceae, dangin da rogo da aguwa da bini-da-zugu suka fito. Sunanta a ilimin tsirrai Ricinus communis, kamar yadda Carl Linnaeus ya rubuta a 1753, kuma ita kaɗai ce a jinsinta. Ana noma ta saboda man da ke cikin ƴaƴanta, ana kuma tsoronta saboda dafin risin da ke tare da man a cikin ƙwaya ɗaya. A Zinder da sauran garuruwan Damagaram an fi ganinta ta fito da kanta a kan juji, bayan katanga da bakin kududdufi.

Asali da tarihi

Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa gabashin Afirka ne asalinta, musamman Habasha da Kenya, inda har yau ake samun ta daji. Akwai masu cewa Indiya ce, amma binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan bai goyi bayansu ba.

Tarihinta da ɗan Adam ya fi fitowa fili a Masar. An samu ƴaƴanta a tsofaffin kaburbura da ake kyautata zaton sun kai shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Takardar magunguna ta Ebers, wadda aka rubuta wajen 1550 kafin miladiyya, ta ambace ta a cikin magungunan wanke ciki da na shafawa a kai. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ba da labarin yadda Misirawa ke tatsar manta suna kunna fitila, ya kuma ce yana da wari. Daga baya noman ta ya yi ƙarfi a Indiya da Sin, fataken teku suka kai ta nahiyar Amurka.

A farkon ƙarni na 20 man zurma ya zama man injin jiragen sama, domin ba ya tsinkewa da wuri idan inji ya yi zafi. Daga sunansa na Ingilishi, castor oil, ne kamfanin Castrol ya samo nasa sunan. A Italiya kuwa, zamanin Mussolini, an riƙa ɗura wa ƴan adawa man zurma da ƙarfi don a wulaƙanta su da zawo. Faransawa sun fara yin robar Rilsan daga man a ƙarshen shekarun 1940.

Siffa da rayuwa

Inda babu sanyi mai kisa zurma kan shekara da shekaru, ta zama ƙaramar bishiya mai tsayin mita 5 ko fiye. Irin da ake nomawa gajere ne, mita 1 zuwa 2, ana girbe shi cikin wata 4 zuwa 6. Karanta yana da gaɓoɓi, cikinsa kan yi rami idan ya tsufa, launinsa kore ko ja-ja. Ganyen faffaɗa ne mai yatsu 5 zuwa 12, bakinsa da ƙananan haƙora. A jikin sandar ganyen akwai ƴan ƙulle-ƙulle masu fitar da ruwa mai zaƙi, shi ya sa ba a raba zurma da tururuwa.

Furen namiji da na mace suna kan zangarniya ɗaya, matan a sama, mazan a ƙasa, iska ce ke kai garin furen daga wannan zuwa wancan. Zafi mai tsanani da ƙishin ruwa suna sa furen namiji ya rinjayi na mace, amfani ya ragu. Kwanson yana da ƙaya mai taushi da ɗaki 3, kowane ɗaki da ƙwaya guda. Idan ya bushe yakan fashe ya cilla ƴaƴan nesa da uwar. Ƙwayar tana da santsi da zane-zane, kamar kaskar da ta sha jini ta ƙoshi. A bakinta akwai ɗan farin tsiro mai maiƙo wanda tururuwa ke so, sai su ja ƙwayar zuwa raminsu, su ci tsiron su bar iri. Saiwarta kan nutsa ƙasa sosai.

Mai da dafi

Kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na nauyin ƙwayar mai ne, kuma kusan kashi 90 na man sinadari ɗaya ne, asid ɗin risinoleyik. Shi ke ba man kauri da danƙo, shi ne kuma ke motsa hanji. Ana amfani da man a fenti, sabulu, man shafawa, man birki da haɗa magunguna.

Risin furotin ne da Peter Hermann Stillmark ya gano a 1888 a jami'ar Dorpat, garin da ake kira Tartu yanzu a Estoniya. Sarƙa biyu ce: ɗaya tana manne wa bangon ƙwayar halitta ta buɗe hanya, ɗayar ta shiga ta lalata ribosom, wurin da ake ƙera furotin, sai ƙwayar halittar ta mutu. Wanda ya tauna ƴaƴan kan fara amai da gudawa bayan wasu awoyi, kuma ba a da makarinsa, sai dai a yi ta ƙarin ruwa a asibiti. Taunawa ce ke sakin dafin. Da shi aka kashe ɗan jaridar Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978, risin yana kuma cikin jerin farko na yarjejeniyar hana makamai masu guba. Risin ba ya bin man da aka tace, a tunkuzar yake zama, don haka ba a ba dabba ita sai an kashe dafin da zafi. Dawaki sun fi saurin kamuwa.

Ƙwayoyin gado

Zurma tana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 20, wato tagwaye 10. An wallafa daftarin farko na jinom ɗinta, wato jimillar bayanan gadonta, a 2010, daga irin da ake kira Hale, aka ƙiyasta ƙwayoyin gado kimanin 31,000. Aikin ya nuna risin yana da dangi masu yawa a cikin jinom ɗin, wajen 28. Wani nazari na 2021 da ya kwatanta ta daji da ta gona ya ƙiyasta an fara noma ta kimanin shekara 3,200 da suka wuce. Wannan lissafi bai yi daidai da shekarun ƴaƴan zurmar da aka samu a kaburburan Masar ba, sai dai idan waɗancan daga daji aka tsinto su.

Abin da ya fi damun masu inganta iri shi ne ƙarancin bambanci: zurmar gona ta Indiya da ta Barazil da ta Afirka sun yi kusa da juna ƙwarai, ko da yake a ido siffarsu ta bambanta. A 1995 aka ware ƙwayar gadon FAH12, mai juya asid ɗin oleyik zuwa risinoleyik. Da aka dasa ta a cikin tsiron gwaji na Arabidopsis, abin da aka samu bai wuce kashi 17 cikin 100 na man ba, alamar cewa ba ita kaɗai ke aikin ba. A 2017 masana na hukumar Embrapa ta Barazil sun sanar da toshe ƙwayar gadon risin, suka samu ƴaƴan da ba a ga dafin a cikinsu ba.

Amfani ga muhalli

An gwada zurma a ƙasar da dalma da kadmiyum da wasu ƙarafa suka gurɓata, an ga tana jurewa. Yawancin ƙarfen a saiwa take riƙe shi, kaɗan ne ke hawa ganye, saboda haka ta fi dacewa da tsare guba a wuri ɗaya fiye da kwashe ta. Fa'idarta ita ce ba abinci ba ce, abin da ta zuƙa ba ya bi ta tukunya. Tunkuzarta taki ce mai kyau, tana kuma rage tsutsar saiwa. Barazil ta sa zurma a shirinta na man dizal daga tsirrai a 2004 don taimakon ƙananan manoman arewa maso gabas, amma kaurin man da tsadarsa suka sa waken soya ya karɓe fagen. A wasu ƙasashe, kamar Ostareliya, ana ɗaukarta ciyawa mai mamaye bakin rafi.

Noma a yau

Indiya ce ke samar da mafi yawan zurmar duniya, galibi daga jihar Gujarat.

A Damagaram ba ta shiga jerin amfanin gona irin gero da wake da gyaɗa ba. Ruwan saman Zinder yana wajen milimita 400 a shekara, daminar kuma gajera ce, alhali zurma ta fi ba da amfani daga milimita 500 zuwa sama. Kudancin jihar Zinder, wajen Magarya da Matamaye da kwarurrukan Korama, ya fi kusa da abin da take so, muddin ruwa ba ya kwanciya kuma kanwa ba ta yi wa ƙasar yawa ba.